Launin da ke Jikin Ƙusoshin Makulli: A Goge Shi ko a Bar Shi?

Me ya sa idan aka warware wani makullin ƙofa sai a tarar da 'yan ƙusoshin cikinsa da launi, wannan ja, wancan kore, na kusa da shi ruwan zinare? Me kuma ya sa wasu masu gyaran makulli ke zama su goge launin tas, wasu kuma su ce wanda ya yi haka ya ɓata kaya da hannunsa?

Tun da bidiyoyin warware makullai suka yawaita a YouTube da TikTok mutane suka fara ganin cikin abin da kullum suke zura wa mabuɗi ba su taɓa leƙawa ba, kuma kowa da fassararsa. Wani ya ce ƙusa mai launi roba ce, alamar jabun kaya. Wani ya ce a'a, ita ce mai daraja, shi ya sa aka ƙawata ta. Wani kuma ya ɗauka maganin tsatsa ne aka shafa. Duk ukun ba haka ba ne. Gardamar ta asali a Amurka take, tsakanin masu sana'ar makulli da masu sha'awar buɗe makulli don wasa, domin a can ne aka fi amfani da irin waɗannan ƙusoshi. Amma abin da ke ƙarƙashinta ya shafi duk mai ƙofar da ake kullewa, saboda maganar ba ta ado ba ce, ta awo ce.

## Abin da ke faruwa idan ka zura mabuɗi

Makullin da ake magana a kai shi ne mai silinda, wanda mabuɗinsa ke da haƙora a gefe guda. Dabarar tsohuwa ce, tun zamanin da ana yin irinta da katako a Masar da ƙasar Assuriya. Wanda ya mayar da ita yadda muka san ta yau shi ne Linus Yale ƙarami, Ba'amurke, da ya yi rajistar ƙirarsa a 1861, ya inganta ta a 1865 da ɗan siririn mabuɗi mai faɗi. Sunansa ne har gobe ake gani a jikin makullan Yale.

Silindar kashi biyu ce. Akwai gidan waje wanda ba ya motsi, akwai kuma zuciya a ciki wadda ke juyawa tare da mabuɗi. An huda ramuka a jere, yawanci biyar ko shida, da suka ratsa daga gidan zuwa cikin zuciyar. Kowane rami na ɗauke da abu uku: ƙusar ƙasa wadda ke zama a kan haƙorin mabuɗi, ƙusar sama da ke bisa kanta, sai ɗan sifirin da ke danna su duka ƙasa. Idan babu mabuɗi, ƙusoshin sama na gitta iyakar da ke tsakanin zuciya da gida, sai zuciyar ta kasa juyawa. Idan mabuɗin gaskiya ya shiga, kowane haƙori zai ɗaga ƙusarsa daidai gwargwado, har mahaɗar ƙusar ƙasa da ta sama ta zo cif a kan wannan iyaka a dukkan ramukan lokaci guda. A nan ne zuciya ke samun hanya.

Ke nan sirrin makulli ba a wani wuri yake ba illa tsawon ƙusoshin ƙasa. Kuma tsawon nan da ƙyar ido ke rabe shi. A makullan kamfanin Schlage, ƙusa mafi gajarta inci 0.165 ce, mafi tsawo inci 0.300, kuma tsakanin kowace lamba da mai bi mata inci 0.015 ne kacal, wato kusan milimita 0.38. A na Kwikset tazarar inci 0.023 ce, kusan milimita 0.58. Kaurin ƙusar kanta a yawancin makullan ƙofa na Amurka inci 0.115 ne, bai kai milimita 3 ba. Duk wanda ya riƙe waɗannan alƙaluma a ransa zai gane sauran bayanin cikin sauƙi.

## Daga ina launin ya fito?

A Amurka idan mutum ya sayi gida, ko ɗan haya ya tashi, ko mabuɗi ya ɓata, ba lallai a cire makulli a jefar ba. Ana kiran mai gyara ya zare zuciyar, ya zubar da tsoffin ƙusoshin ƙasa, ya zuba sababbi da suka dace da sabon mabuɗi. Cikin 'yan mintuna tsohon mabuɗi ya daina aiki, makulli kuwa yana nan a ƙofarsa.

Matsalar mai gyaran ita ce kamfanoni suna da yawa, kuma kowanne da nasa awon. Ba zai yiwu ya riƙa yawo da akwatin Schlage daban, na Kwikset daban, na Yale daban, na Sargent daban ba. Shi ya sa aka fito da akwatin gama-gari, wanda kamfanin LAB na jihar Connecticut ya yi suna a kai. Akwati ne mai ɗakuna da yawa, kowane ɗaki da tsawonsa, ana hawa da inci 0.005 a wani samfurin, da inci 0.003 a wani. Da shi mai gyara zai sami ƙusar da ta yi daidai ko ta yi kusa ƙwarai da awon kusan kowane kamfani.

To ga inda launi ya shigo. Inci 0.003 milimita 0.076 ne, kusan kaurin silin gashin kai guda. Babu idon da zai dubi ƙusa biyu na maƙwabtan ɗakuna ya ce wannan ta fi wannan. Ka ɗauka mai gyara yana tsugune a bakin ƙofar wani, akwati a buɗe a ƙasa, matsefata a hannu, ya ɗauko ƙusa ta suɓuce ta faɗa ɗakin da ke kusa. Idan duk launinsu ɗaya, ta ɓace ke nan a cikin 'yan'uwanta, kuma wata rana za ta shiga makullin wani bawan Allah ta hana shi shiga ɗakinsa. Idan kuwa ja ce ta faɗa cikin koraye, kallo ɗaya ya isa. An tsara launukan ne yadda maƙwabta ba za su yi kama ba, sai su riƙa zagayowa bayan 'yan ɗakuna, tun da tsawon ya fi launukan yawa nesa ba kusa ba.

Wannan shi ne dukkan aikin launin. Lamba ce da aka rubuta a jikin abin da ya yi ƙanƙanta da a rubuta masa lamba. Amfaninsa na ƙarewa ne a daidai lokacin da ƙusa ta shiga raminta. Ba ya ƙara wa makulli ƙarfi, ba ya rage masa, kuma ƙarƙashinsa tagulla ce irin ta sauran.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a lura da shi tun yanzu, don zai dawo. Ƙusar akwatin gama-gari ba kullum take dacewa da awon kamfani cif ba. Ƙusar Kwikset ta farko inci 0.172 ce. Mafi kusa da ita a akwatin 0.003 ita ce 0.171, a akwatin 0.005 kuwa 0.170. Makulli na yafe wannan ɗan bambanci, an bar masa sarari don haka. Amma sararin ba shi da yawa, kuma tun kafin a taɓa ƙusar an riga an ci wani ɓangare nasa.

## Ba kowane launi ne fenti ba

Kuskuren da ya fi yawa a wajen masu son gogewa shi ne ɗaukar duk launi abu guda. Abin da ido ke gani a jikin ƙusa zai iya zama ɗaya daga cikin abubuwa mabambanta.

Akwai rini ko siririn fenti da aka ɗora a saman ƙarfen. Wannan sinadarin narkar da fenti na iya ɗauke shi ba tare da ya taɓa tagullar ba. Akwai rufin wani ƙarfe, kamar nikel da ake ɗorawa da lantarki, wanda babu ruwan tina da zai motsa shi. Akwai launin da sinadari ya haifar a fatar ƙarfen kanta, har da duhun da tagulla ke yi don tsufa. Sannan akwai wanda ba rufi ba ne sam. Wasu kamfanoni na yin ƙusoshin ƙasa da gaurayen jan ƙarfe da nikel da tutiya, mai fari kamar azurfa alhali babu azurfa ko kaɗan a ciki, saboda ya fi tagulla jure gugar mabuɗi. Wasu makullan kuma ana sa musu ƙusar ƙarfe mai tauri don ta karya bakin injin huda. Wanda ya zauna yana goge irin waɗannan yana jiran tagulla ta bayyana, ƙusar zai cinye bai ga komai ba.

Za ka ji wasu na cewa launin irin wanda ake yi wa sanholo ne da lantarki, kamar na jikin wasu tocila da wayoyin hannu. Wannan hanya ta sanholo ce da 'yan wasu ƙarafa, ba a yi wa tagulla ita. Kuskuren na da haɗari, domin wanda ya gaskata shi zai je ya nemo sinadarai masu zafi da ake cire wancan rufi da su, ya jiƙa abin da bai buƙace su ba.

## Hujjojin masu gogewa

Ba a rasa masu dalili na gaskiya ba, kuma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba.

Na farko su ne masu gyaran tsoffin makullai na tarihi da masu yin makullin koyarwa, wanda ake yanke gefensa don ɗalibi ya ga yadda ƙusoshi ke hawa da sauka. Makullin da aka ƙera shekaru tamanin da suka wuce bai zo da jar ƙusa ba, kuma mai adana shi na son ya koma kamanninsa na asali. Wannan hujja ce mai kyau, ko da yake masu koyarwa da dama sun fi son launin, don yana taimaka wa ɗalibi ya rabe ƙusar sama da ta ƙasa.

Na biyu su ne masu wasan buɗe makulli ba da mabuɗi ba. Wasa ne da ke da ƙungiyoyi a bayyane, kamar TOOOL da ta faro daga ƙasar Holan, kuma ƙa'idarsu sananniya ce: ba ka taɓa makullin da ba naka ba sai da izinin mai shi, ba ka kuma wasa da makullin da ake dogaro da shi. Suna haɗa wa junansu makullai masu wuya don gwada gwaninta. Sukan ɗaure ƙusa a bakin ƙaramin injin da ke juyawa, su sassaƙa mata tsaga-tsaga ko su rage mata ciki da siririn magagari, don ta riƙa maƙalewa ta ruɗi mai ƙoƙarin buɗewa. Ga su launi cikas ne, suna son ƙarfe tsirara su ga inda suke yanka. Makullinsu kuma ba ya tsaron dukiyar kowa, idan ya lalace wasa ne ya lalace.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi, ta tsaro. Idan launi na nuna tsawo, kuma ana iya hango bakin ƙusa ta ramin mabuɗi da fitila, ashe launi na iya tona wani abu daga sirrin mabuɗin. Maganar na da ƙamshin gaskiya, ban kuma ga dalilin musanta ta ba. Sai dai a auna ta. Launukan na maimaituwa, don haka launi ɗaya na wakiltar tsawo da yawa. Ƙusar gaba ce ke bayyana sosai, na baya suna ɓoye a bayanta. Kuma bakin ƙusar da mabuɗi ke guga kullum shi ne wurin da launin ke fara gogewa da kansa. Ga ma'ajiyar kuɗi ko ɗakin magani na asibiti, damuwar na da muhalli, amma maganinta shi ne a sa ƙusoshin kamfanin na asali marasa launi, ko a sayi makulli mai tsaro na musamman. Ga ƙofar gida kuwa, ɓarawon da ya zo da ƙarfen ɓanɓara ba launi yake dubawa ba.

Akwai masu cewa launin na ɓarewa ya taru ya sa makulli tauri. Rufin siriri ne ƙwarai, abin da zai zuba daga ƙusa biyar bai taka kara ya karya ba. Idan aka buɗe makullin da ya yi tauri, abin da aka fi tararwa shi ne baƙin danƙo na mai da ƙura da garin tagullar da mabuɗi ya ci.

Sai hujjar da ba a cika faɗi da baki ba: ɓoye cewa an taɓa makulli, ko a sa ƙusar gama-gari a ce wa mai kaya ta kamfani ce. Wannan ha'inci ne, kuma ba ya cikin abin da ake tattaunawa a kansa a matsayin ra'ayi.

## Abin da ɗaya ɓangaren ke tsoro

Tsofaffin masu sana'a ba launin suke karewa ba, awon suke karewa. Ƙusar da ta gajarta da 'yan kaso cikin dubu na inci za ta bar ƙusar sama ta ɗan leƙo cikin zuciya, sai mabuɗi ya riƙa maƙalewa, sai an jijjiga shi ko an ɗan ja shi baya kafin ya juya. Mai gida zai yi ta murɗawa da ƙarfi, wata rana mabuɗin ya karye a ciki. Ƙusar da gefunanta suka zama kamar dutsen rafi kuwa akasin haka take yi, tana sa makulli ya yi sakaci ya karɓi mabuɗin da ya yi kusa da nasa ba nasa ba.

Abin ya fi muni a otal da makaranta da asibiti, inda kowane ɗaki ke da mabuɗinsa sannan akwai babban mabuɗi guda mai buɗe duka. Ana yin haka ne da ƙara wasu 'yan fayafayen tagulla tsakanin ƙusar ƙasa da ta sama. A tsarin Schlage mafi siranta cikinsu inci 0.030 ne, bai kai milimita ɗaya ba. Rage wa irin wannan ko kaɗan na iya sa shi kifewa a cikin rami ya cije zuciyar, ko ya sa mabuɗin wani ɗaki ya buɗe na maƙwabcinsa. A nan ni ma ina tare da su ɗari bisa ɗari. Makullin da mutane ke kwana a bayansa ba wurin gwaji ba ne.

Suna kuma tuna wa mutane abu mai sauƙi: ƙusar da aka goge wa launi ta rasa sunanta. Idan ta gauraya da wasu, sai an auna su ɗaya bayan ɗaya.

## Hanyar da ke ɗauke launi kawai, da hanyoyin da ke cin ƙarfe

Idan dalilin ya tabbata, tambayar da za a yi wa kowace hanya guda ce: launi take ci ko tagulla?

Wadda ta fi aminci ita ce asiton, sinadarin da ke cikin yawancin ruwan goge fentin farce, ko tinar masu fentin mota. Waɗannan na narkar da rini da fenti, ba sa narkar da tagulla. A fara da ƙusa ɗaya. A auna tsawonta da maikuromita ko ma'aunin kauri mai nuna lamba, a rubuta. A jefa ta a ƙaramar kwalbar gilashi mai murfi, a zuba ruwan ya rufe ta, a bar ta 'yan mintuna. Idan rini ne, za a ga ruwan ya fara ɗaukar launi, kuma da an murza ta a farin ƙyallen auduga jan zai koma jikin ƙyallen, tagulla ta fito rawaya. A bari ta bushe, a sake aunawa. Lambar farko ya kamata a gani. Idan kuwa an jiƙa an murza launi na nan daram, to ba fenti ba ne, kuma nan ne mai hankali ke tsayawa.

Sauran ƙa'idojin na tsari ne. Tsawo ɗaya a kwalba ɗaya, da lambarsa a rubuce a jiki, kada a taɓa haɗa ɗakuna biyu don saurin gamawa. A yi aikin a kan tire mai baki da ƙyalle a shimfiɗe, don ƙusar da ta gangara ƙasa da wuya a sake ganinta. Kada a jiƙa silinda ɗungurungum, saboda wasu na da sassan roba da asiton ke narkarwa, kuma narkakken launin zai kwanta ne a ƙasan ramuka. Asiton kuma wuta yake jira: yana tafasa a digiri 56 na ma'aunin Salshiyas, tururinsa na kamawa ko a cikin sanyi. Ba a buɗe shi kusa da risho, ko taba, ko janareta, ko wurin walda, ba a kuma aiki da shi a shagon da ke rufe. Masu injin wanke ƙananan kaya da girgizar sauti su sani ba a zuba masa ruwa mai kama wuta a kwanonsa.

Yanzu ga waɗanda ke yin ɓarna.

Samfefa da burushin waya da injin gurza duk ƙarfe suke ci, kuma sun fi ci a baki da gefuna, wato daidai wuraren da awo yake. Ka tuna ƙusar nan ta 0.170 da aka sa a gurbin 0.172. An riga an rasa inci 0.002. Mabuɗin da aka kwafa daga wani kwafin ya zo da nasa kuskuren. Idan samfefa ta ƙara cin inci 0.002 ko 0.003, sararin da kamfani ya bari ya ƙare. Garin neman gira an rasa ido. Akwai kuma batun lafiya: tagullar da aka fi sassaƙa ƙananan kaya da ita na ɗauke da darma kusan kashi 3 cikin ɗari, don ta yi sauƙin yanka. Mu da muka ga abin da gubar darma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Abin da ke cikin ƙusa kaɗan ne, ba a haɗa su ba, amma garin gurza ba abin shaƙa ba ne, ba a riƙe ƙusa a baki lokacin aiki, kuma a wanke hannu kafin a ci abinci.

Ruwan tsami ma haka. Lemun tsami da tsamiya da ruwan khal na sa kwanon tagulla ƙyalli, shi ya sa hannu ke saurin kai musu. Amma tagulla gaurayen jan ƙarfe da tutiya ce, kuma tsami ya fi cin tutiyar. Ƙusar da ta daɗe a ciki za ta fito da ja-ja mai kama da hoda, fatarta ta yi garas-garas, alamar saman ya raunana. Ruwan batir kuwa ko kusa kada a kai shi.

Amoniya, da ke cikin wasu ruwan goge gilashi da wasu man goge ƙarfe, tata ɓarnar a ɓoye take. Sojojin Ingila a Indiya sun daɗe suna mamakin yadda kwanson harsasansu na tagulla ke tsagewa a lokacin damina. Sai a 1921 masu bincike suka bayyana dalilin: ana ajiye harsasan a bargar dawaki, amoniyar fitsarin dawaki da laima suka haɗu da matsin da ya rage a jikin ƙarfen tun daga ƙira, sai ya riƙa tsagewa. Ƙusa ba ta kai kwanson harsashi rauni ba, amma ɗan sifirin da aka naɗe daga siririyar waya ta dangin jan ƙarfe na cikin haɗari, kuma tsagar ba ta nuna kanta ranar da aka yi wankin.

Wuta ita ce ta ƙarshe. Tana ƙona fenti, gaskiya ne, amma tagullar da aka gasa ta yi ja laushi take yi, sai mabuɗi ya riƙa cin ta da sauri.

Wani wuri guda kuma ba a taɓa ƙusa da komai, ko da asiton ne. Idan an yi sata ana zargin an buɗe makulli ba da mabuɗinsa ba, masu binciken makullai na duba bakin ƙusoshi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, domin kayan buɗewa na barin karce dabam da na mabuɗi. Wanda ya wanke ko ya goge su ya share shaida.

## Me ya rage ga mai gida da mai yankan mabuɗi?

A kasuwanninmu aikin da aka fi sani shi ne kwafar mabuɗi. Idan mabuɗi ya ɓata kuwa, sai a fasa kwaɗo a sayi sabo, ko a canja silindar gaba ɗaya. Yawancin kwaɗuna masu araha an toshe ramukansu tun daga masana'anta, ba a yi su don a warware ba. Saboda haka mutum zai iya shekara da shekaru bai ga ƙusa mai launi ba. Inda za a iya cin karo da ita shi ne manyan gine-gine da aka sa wa makullan ƙirar Amurka, ko wajen matasan da suka fara odar akwatunan ƙusa ta intanet don faɗaɗa sana'arsu.

Ga mai gida, ganin launi ba dalilin tayar da hankali ba ne. Abin da yake nunawa, a mafi yawan lokuta, shi ne an taɓa sauya ƙusoshin makullin. Idan kai ka sa a yi, shi ke nan. Idan an sayar maka da shi a matsayin sabo fil, kana da damar tambaya. Gwajin aikin mai gyara kuwa a hannunka yake: mabuɗi ya shiga ba gardama, ya juya ba sai an jijjiga ba, ya fito ba ja-in-ja, tsohon mabuɗi kuma ya ƙi juyawa ko an yi masa dabara. Idan ɗaya ya gaza, a kira shi ya dawo tun kafin a biya ragowar kuɗi. Kada kuma a yarda da wanda zai ɗauki magagari ya goge saman ƙusoshi ko saman zuciyar don ya tilasta wa mabuɗi juyawa. Zai juya a ranar, amma makullin ya zama mai karɓar baƙin mabuɗai.

Idan makulli ya yi tauri, kada a ɗora wa launi laifi, kada kuma a ɗura masa man inji ko man gyaɗa. Da hunturu ya shigo ƙura za ta bi man nan ta zama danƙo. Abin da ya dace shi ne busasshen mai na makulli, ko ɗan garin baƙin abin da ke cikin fensir, kaɗan ba da yawa ba.

Ga matashin da ke son shiga wannan fanni, abin da zan ce masa shi ne ya sayi ma'auni kafin ya sayi akwatin ƙusa. Akwatin da aka yi wa makullan Amurka ba lallai ya dace da silindar ƙirar Turai ko kwaɗon China ba, domin kaurin ƙusoshinsu da tazarar awonsu sukan bambanta, kuma launi ba zai gaya masa haka ba. Ya auna tsohuwar ƙusa, kauri da tsawo, kafin ya zura sabuwa. Idan kuma aikin da ke gabansa na buƙatar ƙusa marar launi, ana sayar da su haka nan, na tagulla zalla da na farin gauraye, a awon kamfanoni daban-daban. Kuɗinsu bai kai na kwalbar asiton da yinin da za a ɓata ana jiƙawa ana aunawa ba.